Ƙullin da Wuta Ba Ta Cinye Ba

Da hantsi abin ya faru, amma kafin rana ta yi tsaka duk layin masana'antun ya gama bincike, ya gama shari'a, abin da ya rage kawai a kawo ankwa. A gidan narkar da ƙarfe ne. Mai zubi ya karkata tukunyar narkakken ƙarfe a kan ramin zubi kamar yadda ya saba, sai matacin da ke bakin ramin ya toshe, ya tarwatse, ƙarfen ya yi tsalle ya dawo masa a ƙafa. Takalmin aiki bai hana komai ba. Aka ciccibe shi zuwa asibiti, ihunsa har bakin titi.

Matacin kuwa aikin tsallaken titi ne, wata 'yar masana'anta mai yin matatan yumɓu. Don haka 'yan'uwan mai zubi suka tsallako suka cika bakin ƙofa, kowa da abin da hannunsa ya kai gare shi. Ba su sha wahalar neman mai laifi ba, ma'aikatan gidan da kansu suka miƙa musu shi: mai tanderu. Ai ba ya magana da kowa. Ai shi kaɗai yake cin abincinsa. Ai kwanan baya an ji suna cacar baki da mai zubin a kan inuwar ajiye babur. Irin hujjojin da ke isar mutane ke nan in suna so laifi ya sauka nesa da su.

Maigidan masana'antar ya kulle mai tanderu a ɗakin janareta, wai don kare lafiyarsa, ya kuma yi wa mutanen bakin ƙofa alkawarin kafin a tashi aiki zai damƙa shi ga 'yan sanda. Sannan, don a ce an yi bincike, ya aika a kira masa Mai Sawu.

Mai Sawu ya tsufa a bin bayan ɓarayi, na dabbobi lokacin da yake da ƙafa, na shaguna da ƙafar ta yi sanyi. Abin da aikin ya bar masa shi ne ciwon ƙugu da raina mutane. A ganinsa ƙafa ce kaɗai ba ta iya ƙarya ba a jikin ɗan adam, ita ma don ba a yi mata baki ba ne. Ya sha kai sawu har ƙofar gida, uwa ta fito ta rantse ɗanta ko tsakar gida bai taka ba, ga taɓon gonar mutane ɗanye a takalminsa. "Kowa mai son gaskiya ne," yakan ce, "sai an zo kan nasa."

Ranar ma da haushinsa ya fito. Kwanaki ya je gidan ɗansa Auta, matar ɗan ta dasa shi a kan kujerar roba, wai tsohuwar kujerarsa mai kushin, wadda ya ba su lokacin da suka kama gida, an kai ta gyara. Tun ranar ƙugunsa bai yafe masa ba. Autan nan a masana'antar yake aiki, shi ke riƙe da sito, shi ke yanka soso. Mai Sawu da kansa ya roƙar masa aikin, yana roƙon yana gaya wa Maigida kada ya sa rai da yawa.

"Baba Mai Sawu, sannu da zuwa," in ji Maigida, yana share gumin wuya. "Abin a fili yake, kawai dai ka ɗan duba mana."

"In a fili yake, me ya hana ka gani da kanka ka bar ni in huta?"

Ya dubi daɓen. Farin garin yumɓu ya rufe ko'ina, abin da kowane mai bin sawu zai yi murna da shi, amma tun safe ake safa da marwa a kai, an tattake komai.

"Garken shanu ma ya fi ku tsari," ya ce. "Su ko ba komai gefe ɗaya suke bi."

* * *

Mutum ɗaya ce a gidan ba ta ce mai tanderu ne ba, wato Injiniya, wadda ta tsara aikin tun farkonsa. Ba ta kuma ce ba shi ba ne. Cewa ta yi ba ta sani ba, maganar da Mai Sawu ya daɗe bai ji daga bakin mai rai ba. Ta kai shi teburinta, ta ɗora masa abu biyu a hannu: wani baƙin soso mara nauyi, da wani farin abu mai tauri, kamarsu ɗaya sak, huda-huda kamar saƙar zuma.

"Baba, wannan shi ne ya zama wannan," ta ce. "Soson roba ne. Auta ya yanka shi daidai awo da waya mai zafi, a tsoma shi a kwaɓin yumɓu, a matse, a shanya, sai tanderu. Robar ta ƙone ƙurmus ta fice hayaƙi, yumɓun ya tsaya a siffarta. Duk inda soso ya bi, nan yumɓu zai tsaya. Hura ka ji."

Ya kai farin abin bakinsa ya hura. Iskar ta fito ta ɗaya gefen ta taɓa masa tafin hannu.

"Haka narkakken ƙarfe ke ratsa shi, datti ya maƙale, abin da aka zuba ya fito sumul. Masu ƙananan huda ruwan sha suke tacewa. Akwai na murhun gas, akwai na tare hayaƙin inji. Wasu wuraren har gurbin ƙashi ake cikewa da irinsa, ƙashin ya tsiro ta cikin hudojin."

"Ban zo makaranta ba, 'yata. Cewa suke mutumin ya yi wa wuta gaggawa da gangan."

"In aka yi wa wuta gaggawa, robar kan kumbura ta farfasa yumɓun kafin ya yi ƙarfi. Amma duk matatan da ke kan tiren gashi ne za su tsattsage, ba guda ɗaya ba. Na gaya wa Maigida. Ya ce in bari manya su yi magana."

"Manya," in ji Mai Sawu, ya ja tsaki.

Amma ya riƙe abu ɗaya a ransa. Abin da ya ƙone ya tafi, ya bar siffarsa a baya. Shi a sana'arsu wannan ake kira sawu.

* * *

Mai tsomi, matar da ke tsoma soso a kwaɓi, tana zaune kusa da bahonta, safar roba har gwiwar hannu, rediyo na ta surutu a gefe. Ba ta jira tambaya ba.

"Ni dai Baba ba ruwana, amma mutumin nan ko idonsa ka duba ka san ba alheri. Ka gaishe shi ya gyaɗa maka kai kamar ƙadangare."

"Na tambaye ki idonsa? Hannunki nake tambaya. Lokacin da kika yi na gidan ƙarfe, bai ji wani abu daban ba?"

"Me zai ji? Soso ai soso ne." Ta ɗan yi tunani, abin da alama ba ta saba ba. "Sai dai wasu 'yan tsiraru da suka yi min taurin kai, ba sa shan kwaɓi. Na danne su da ƙarfi na wuce. Ka san wani lokaci kwaɓin ne ke yin kauri."

"Wa kika gaya wa?"

"A kan ɗan wannan? Ana tsakiyar shirina fa a rediyo."

Mai Sawu ya tsaya yana kallonta. Ga mace da rabin amsa a tafin hannunta, amma ta gwammace ta zauna tana karanta idon mutane. Ya tambaye ta inda yankakken soso ke kwana kafin ya zo hannunta. Ta nuna masa wani kwando a lungu, tsakanin sito da ɗakin tanderu, inda ko akuya ta ga dama za ta iya sa baki.

A bayan tanderu, inda taron bai taka ba, ya samu irin abin da ya zo nema: sawun takalmi mai santsin ƙasa, dunduniyar hagu ta cinye ta waje, ya shiga ya fita ba sau ɗaya ba, har gaban maɓallan wuta. Ba takalmin ma'aikaci ba ne. Zuciyarsa ta ɗan motsa irin ta dā. Ya bi shi a duƙe ta bayan buhunan gari, ta gefen famfo, har ofis, inda ya tarar da takalmin a kan tebur da ƙafa a ciki. Ƙanen matar Maigida ne, wanda ake kira Manaja don an rasa abin da za a kira shi.

"Me kake zuwa yi bayan tanderu?"

Manaja ya sauke ƙafa, ya fara rantse-rantse bai ma san hanyar wurin ba. Mai Sawu ya ɗaga takalmin ya nuna masa dunduniyar. Nan take murya ta koma ƙasa.

"Kwanon abincina nake ɗorawa ya yi ɗumi, Baba. Wani lokaci in ɗan kishingiɗa, Yaya ba ya leƙa can. Amma maɓalli ban taɓa taɓawa ba, ban ma san na kunnawa ba. Don Allah kada Yaya ya ji."

"Na yarda da kai," in ji Mai Sawu. "Kafin mutum ya ɓata aiki sai ya san yadda ake yinsa."

* * *

Ta tsakanin ƙarafan ƙofar ɗakin janareta ya ga mai tanderu zaune a kan jarka, hannuwa a kan gwiwa. Gashin hannunsa duk wuta ta lashe.

"Wutata ba ta yi gaggawa ba," in ji mai tanderu.

"Rigimarku da mai zubi fa?"

"Inuwa ce. Washegari na bar masa." Ya ɗago kai. "Yaya ƙafar tasa?"

Mai Sawu ya dube shi. Tun zuwansa ya ji maganar mutane da yawa, har da masu ɗauke da sanduna saboda mai zubin, amma ba wanda ya yi wannan tambayar.

"Yarinyata na tashi daga makaranta da yamma," mai tanderu ya ƙara. "Ba ta da uwa. Ba mai ɗauko ta."

Daga nan Mai Sawu ya nufi sito. Ya tarar da Auta da tsintsiya a hannu yana shara, a ranar da ba mai aikin komai sai tsegumi.

"Iko sai Allah. Yau ka koyi shara? Uwarka ta yi ta fama da kai ba ka ɗauka ba."

"Sannu Baba." Auta bai ɗago ba. "Gani na yi wurin ya yi ƙura."

"Kai ka yanka soson gidan ƙarfe?"

"Ni ne. Na yanka na zuba a kwando, kamar kullum."

"To da sauƙi. Ko makaho zai iya wannan."

A cikin sharar da Auta ya tara akwai wani burbushi rawaya, mai kama da busasshen burodi. Idon Mai Sawu ya sauka a kai. Ya san idon nasa, ba ya sauka a banza. Amma ya ɗauke kai ya fita, abin da bai taɓa yi wa sawu ba tun da ya fara sana'a.

* * *

Ya sa aka dawo da sauran kwalin matatan daga gidan ƙarfe. Shi da Injiniya suka zauna suna ɗaukar matatan ɗaya bayan ɗaya suna hurawa. Yawancinsu iska na wucewa. Can sai kumatun Injiniya suka kumbura, iska ta ƙi fita. Suka ware shi. Kafin su kai ƙasan kwalin sun ware 'yan kaɗan.

Injiniya ta ɗauki ƙaramar guduma ta fasa ɗaya. Waje ɓawo ne mai kyan gani, ciki kuwa fanko, sai gari.

"Wannan ba sosonmu ba ne," ta ce cikin fushi. "Namu a buɗe yake, kwaɓi na ratsa shi har tsakiya. Wannan na katifa ne ko na kujera, hudojinsa ƙanana ne, yawancinsu a rufe. Ƙarfe ya zo ya tarar da bango. Dole ya dawo."

"Na wa?"

"Ya ƙone, Baba. Kowane gida akwai irinsa."

Mai Sawu ya ɗauki ɓallen ya kai wa haske. Hudojin bakin ɓawon ba zagaye suke ba, a kwance suke, duk sun karkata gefe ɗaya. Soson da aka daɗe ana zama a kansa ne, kuma mai zaman yana jingina da gefe guda. Ya karɓi gudumar ya fasa na ƙarshe da kansa.

A cikin wannan akwai wata siririyar hanya da kwaɓi ya bi ya shiga har tsakiya. A ƙarshenta ga wani ɗan kogo, bai kai kan yatsa ba. Injiniya ta leƙa ta ce kumfar iska ce, ta juya tana kiran Maigida. Ba kumfa ba ce. Gurbin igiyar roba ne, murɗinta ya fito ɗaya-ɗaya a jikin yumɓun. Igiyar ta ƙone tare da soson, ta bar ƙullinta: zagaye biyu, wutsiya ta koma ta ƙarƙashi. Ba mai gyaran kujera da ke irin wannan ƙulli. Ƙullin dabaibayi ne, wanda ake yi wa dabbar da aka ƙwato daga hannun ɓarawo kada ta sake ɓacewa.

Ya tuna ranar da kushin kujerarsa ya rabe biyu, ya zauna da basilla da igiya yana ɗinke shi, matarsa na dariya tana cewa ya yi wa kujera dabaibayi kamar za ta gudu. Ya tuna yadda yake jingina da gefen dama saboda ƙugu. Ya tuna kujerar roba. Ya tuna burbushin nan rawaya.

Ya sa ɓallen a aljihu.

Kafin ya miƙe, labarin soson katifa ya zagaya gidan, sai ga Manaja da gudu, karo na farko da aka ga ya yi sauri a masana'antar, yana jan wata 'yar katifa a ƙasa. Ta mai tanderu ce, wadda yake miƙe baya a kai in wuta ta yi tsawo. Gefe guda a yage yake.

"Ga ta nan! Ya yaga ya jefa a kwando! Ni dama na faɗa!"

Bakin ƙofa ya ɗauki ihu. Abin da aka tono don a wanke mutum ya zama igiyar ɗaure shi, kuma kowa ya ji daɗi, don ba abin da ke faranta wa taro rai kamar a ce masa dama ya yi daidai.

* * *

Maigida ya tara kowa a filin shanya, tsakanin tirori. Injiniya, mai tsomi, Manaja, Auta a can gefe jikin bango. Aka fito da mai tanderu. Aka shigo da yayan mai zubi a madadin na waje, wani ƙato da idonsa ya yi ja don kuka da fushi. Katifar na yashe a tsakiya. An riga an kira 'yan sanda, suna hanya.

Mai Sawu ya durƙusa ya duba katifar, duk da ya san abin da zai gani. Soso ne mai sauran ƙarfi, hudojinsa a tsaye, ba ɗinki ko ɗaya. Yagewar ma ta haƙorin ɓera ce. Ya daɗe a durƙushe, ba don katifar ba.

Ba sai ya yi ƙarya ba ma. Shiru kawai zai yi. Injiniya ta ce kumfa ce, kuma duk duniya ba mai iya karanta ɗan kogon nan sai shi. Ya tuna iyayen nan mata da ke tsayawa a ƙofa suna rantsuwa, waɗanda ya yi wa tsaki shekara da shekaru. Ashe rantsuwar ba daga baki take fitowa ba, daga ciki take tasowa. Tsoro ya ji, tsoro sosai, da kunya a bayansa. Ya kuma tuna wata yarinya da bai taɓa gani ba, tsaye a ƙofar makaranta tana duban hanya.

Ya miƙe da ƙyar.

"Akwai mai magana kafin in yi tawa?"

Ya ba da lokaci. Ya ba da fiye da yadda ya taɓa ba wani. Auta na kallon daɓe. Ko a nan ma sai na yi masa aikin, Mai Sawu ya ce a ransa, amma tsakin ya ƙi fitowa.

"Katifar nan ba abin da ta yi," ya ce. "Ɓera ya ci ta. In kuna so ku kama ɓeran, ga Manaja nan, ya san duk lungunan da ake ɓuya."

"Baba, kada ka kawo mana wasa," in ji yayan mai zubi. "Ƙanena ko zai sake takawa ba mu sani ba."

"Shi ya sa ba zan ba ka mutumin banza ka tafi da shi ba. A ba ni igiya."

Mai tsomi ta kwance wadda ke rataye da rediyonta. Ya yi zagaye biyu, ya mai da wutsiya ta ƙarƙashi, ya ja. Ya fito da ɓallen daga aljihu, ya kwantar da ƙullin a cikin kogon. Ya zauna daram, murɗi a kan murɗi. Injiniya ta matso ta duba, ta dafe baki.

"Igiya ce," ta ce. "Tana cikin soson aka tsoma shi. Ita ma roba ce, ta ƙone."

"To ƙullin wa?" in ji Maigida.

"Nawa."

Mai Sawu ya ɗaga ɓallen sama kowa ya gani.

"Kushin kujerata ne. Ni na ɗinke shi da hannuna, ni na zauna a kai har ya kwanta. Kujerar kuma ba ta gidana." Ya juya wajen bango. "Auta. An gama gyaran kujerar?"

Auta ya zame a jikin bangon har ya kai ƙasa.

"Dilar soso na manta a bayan sito," ya ce, da ƙyar ake jin sa. "Rana ta cinye gefe guda, ya yi rawaya, yana ruɓewa a hannu. Kaɗan ya rage in cika na gidan ƙarfe, sai na yanko na kujerar na cike. Na ɗauka soso soso ne, in ya ƙone ba mai sani. Wallahi ban san zai taɓa kowa ba."

"Me ya hana ka gaya min?" in ji Injiniya. "Kwana biyu kawai za mu jira a kawo wani!"

"Ki gaya wa Maigida, Maigida ya gaya wa Baba."

"To sai me?" Mai Sawu ya daka masa tsawa. "Yanka ka zan yi?"

Auta ya ɗago, karo na farko a ranar ya dubi ubansa ido cikin ido.

"A'a Baba. Cewa za ka yi dama ka faɗa."

Mai Sawu ya buɗe baki. Mutumin da bai taɓa rasa abin da zai mayar wa kowa ba, ya tsaya haka nan da igiya a hannu.

* * *

'Yan sanda suka zo ɗaukar mutum ɗaya, suka tafi da wani, bai dame su ba. Mai tsomi tuni ta fara gaya wa na kusa da ita cewa ita dama yaron nan shirunsa bai taɓa kwanta mata ba. Mutanen bakin ƙofa suka watse da sandunansu, ba wanda ya ce wa mai tanderu ko da yi haƙuri. Shi ma bai jira ba. Ya kakkaɓe wandonsa, ya dubi rana, ya tura babur. Da ya zo gittawa ta gaban Mai Sawu ya tsaya, ya gyaɗa kai sau ɗaya irin yadda ya saba, ya wuce makaranta.

Maigida ya raka Mai Sawu ƙofa, ya rage murya.

"Haba Baba. Da ka ɗan yi min raɗa a kunne, ai da mun san yadda muka yi. Wancan ba shi da kowa."

Mai Sawu ya dube shi daga sama har ƙasa. Wannan kam ya cancanci tsaki mai tsawo, kuma a wata rana da ya samu. Ya miƙa masa igiyar mai tsomi kawai, ya kama hanya.

Ba gida ya nufa ba, gidan Auta ya nufa, don matar ba ta sani ba tukuna, kuma bai yarda ta ji a bakin layi ba. Ta buɗe ƙofa da fara'arta, ta ce sannu da zuwa Baba, ta yi sauri ta jawo kujerar roba.

"Bar ta," ya ce. "Ina tawa?"

Fara'ar ta ɗauke. Ta dubi ƙofar uwar ɗaki. Ya shiga da kansa. Tana nan a lungu an lulluɓe ta da zane. Ya yaye zanen. Rigar kushin ce kawai a kwance, ba komai a ciki, ƙarƙashinta katako.

Ya jawo kujerar zuwa falo, ya zauna a kan katakon, ya jingina da gefen dama.

"Zauna, 'yata," ya ce. "Zan gaya miki abin da muka yi, ni da mijinki."